Iya Kar-a-buɗe da Akwatin Gilashi

Ƙarfe bakwai na safe za ka sami Iya a gonar gwaji, gwiwa a ƙasa, tana tonon saiwar wake. Ƙananan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar take tsinta. Ta ɓara ɗaya da farce, in cikinsa ja ne ta ajiye, in kore ne ta yar. Haka ta yi shekara talatin da ɗaya a ɗakin bincike, sai makon jiya ta ajiye aiki.

Cikin ƙulle-ƙullen nan akwai wani furotin da ke kamo naitirojin daga iska ya mai da shi taki ga shuka. Amma fa ɗan gata ne: da an tace shi, iskar da muke shaƙa ta taɓa shi, ya mutu nan take. Shi ya sa Iya ke aiki cikin akwatin gilashi da aka zuƙe wa iska, hannu cikin safar roba har kafaɗa, gumi ya jiƙa yatsunta har fata ta saɓule. Duk ɗalibin da ya matso, magana ɗaya take jefa masa, "Kar a buɗe," sunan kuwa ya bi ta.

Ɗalibai nawa suka zama daktoci da abin da ta tace? Farfesan da take yi wa aiki ya buga takardu, ya karɓo lambar yabo, ko a ƙasan shafi ba a sa sunanta ba. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Roƙonta ɗaya ne: kwalabe goma sha biyun da ke cikin akwatin, aikin wata takwas, a bar su a rufe har magajiyarta ta iya hannu.

Ranar taron sallamarta, mai hoto ya ce gilashin akwatin na ƙyalli, fuskar Farfesa ba ta fita. Farfesa, bawan Allah, sai ya ɓalle murfin akwatin, ya ɗago kwalba yana murmushi.

"Ranka ya daɗe, ka kashe su," in ji Iya, a hankali.

Ya ce ba komai, ai sai ta tace wasu gobe. Ya manta taron na mene ne. Wallahi raina ya ɓaci, har yau bai huce ba.

Iya, ke ce mai hannun da ba ya rawa, ke ce kika tsare abin da ido ba ya gani. Mun gode, Allah ya saka miki. Ku masu tasowa, ku koyi haƙurinta, in kun rubuta takarda kuma ku sa sunan wanda ya yi gumin.

Hoton yana nan rataye a ofis, ya fita tsaf. Iya ba ta ciki.