Takardar da Ke Manne a Ƙofa

Ɗana na fari yana gidan yari a wani gari mai nisa. Abin da ya kai shi ba shi nake ba da labari ba. Waya ba a barinsa ya riƙe, sai wasiƙa, ita ma sai in an ga dama.

Ni masunci ne a Gashua, ban yi boko ba. Duk Laraba nakan wanke ƙarnin kifi daga hannuna in tafi gidan waya in tambaya.

Daminar da ruwa ya cinye hanya, na je na tarar da tagar karɓar wasiƙu a rufe, an manna wata farar takarda a ƙofa. Maigadi na zaune yana cin gyaɗa.

"Wasiƙa ta zo?"

"Ba ta zo ba, baba."

"Yaushe?"

"Ni ƙofa aka ba ni, ba motar wasiƙu ba."

Na koma gida. Laraba bakwai ina wannan zuwa. Takardar ta yi ja, gefenta ya naɗe. Na ga masu takalmi suna tsayawa su dube ta su juya, ban tambayi kowa ba. Da furfurata ba na son in ce wa sa'an ɗan cikina ya karanta mini. Maigadin ma ashe irina ne, bai san abin da ke bayansa ba.

A ta takwas wata malamar asibiti ta same ni tsaye.

"Baba, me kake jira? Ai ga shi an rubuta. Wasiƙu suna Nguru sai hanya ta gyaru. Mai gaggawa ya je can ya karɓa."

Washegari na shiga mota, inda ruwa ya yanke muka hau kwalekwale. Ni da na tsufa a kan ruwa, da na sani ko iyo ne da na yi tun makon farko.

Wasiƙar tana can cikin buhu. Wani direba a tasha ya karanta mini. Ɗana ya ce za a mayar da su kudu bayan Babbar Salla, in zo ya gan ni kafin nan, in taho masa da busasshen kifi. Sunan garin da za a kai su bai sani ba.

Salla ta wuce da kwana ashirin.

Duk da haka na je gidan yarin, da kifin. Ma'aikatan suka ce an tafi da su. Ina? Aka ce in tambaya a rubuce.

Kifin a mota na rabar. Shekara uku ke nan ban ji muryarsa ba.