Seyni, Wanda Ya Zana Mana Ɗan Tsawa Daga Dama

Da an idar da sallar asuba, Seyni zai fito da teburinsa mai gajeriyar ƙafa, ya tokare ta da dutse, ya zauna a rumfar da ke daura da tashar manyan motoci ta Gaya. Da hantsi yana fentin bayan kamiyo, manyan motocin kaya, abincinsa ke nan. In rana ta take sai ya wanke hannu, ya buɗe kaye, littafin da yake zane a ciki, ya ɗauki biki, baƙin alƙalaminsa, ya koma wajen Ɗan Tsawa. Shekara talatin da ɗaya haka.

Ga wanda bai sani ba, Ɗan Tsawa jarumi ne na cikin littattafan zanen Seyni, mai ɗaga kamiyo da kafaɗa guda, mai tsallake kogi da taki ɗaya. Ni da farko wasan yara na kira abin, kuma a gabansa na faɗa. Sai na ga masu tuƙi da furfurarsu, waɗanda ke kwana uku suna jiran takardun duwan, wato kwastan, suna miƙa wa juna littafin suna gardama kamar a gaban alƙali. Na karɓa na duba. Ɗan Tsawa ya ceci mutum tara daga jirgin da ya kife, na goma ya kuɓuce masa. Seyni ya ba da shafi biyu cur ba magana ko ɗaya, ƙaton yana zaune bakin ruwa da takalmin mamacin a hannu. Matar Ɗan Tsawa na yi masa gori, ya gyara wa duniya, ɗakinta na yoyo. Gwiwarsa ma ta fara ciwo irin tawa. Yaro tsallen yake kallo ya wuce. Wanda ya taɓa binne nasa, a shafin nan biyu yake daɗewa.

Ina rumfar ranar da Alhaji Sumana na Yelu, tsohon mai tuƙi da allo kaɗai ya karanta, ya zo ya dangwarar da littafi a tebur.

"Kai Seyni, ba ka tsoron Allah? Jama'a na tafa masa, ƙatonka ya ɗauki tsohuwa daga tudu ya tsoma ta cikin kogi. Wannan ne jarumin?"

"Baba, daga ina kuka fara?"

Sumana ya aza yatsa a gefen dama. "Daga inda ake farawa mana."

Idrisa, wani mai tuƙi da ya yi lakwal, makarantar boko, ya ce, "Alhaji da baya ya tuƙa labarin, kuma ba madubi." Rumfa ta kwashe da dariya. Ban yi ba, don ni ma sai da aka nuna mini. Seyni ma bai yi ba.

Tun daga ranar, kowane littafi sau biyu yake zana shi. Ɗaya daga hagu da rubutun boko, ɗaya daga dama da ajami a bakin mutanen. Ba wanda ya sa shi. Kai ne, Seyni, ka ga tsofaffi a bakin ƙofar labari, ka fasa musu tasu ƙofa. Mai haƙurin maƙera, aiki biyu ladan ɗaya, shekara ashirin da biyu ba ka taɓa yi mana gori ba.

Bana hannun Seyni ya fara rawa. Likita a Doso ya ce ya ajiye biki. Saura littafi guda, wanda Ɗan Tsawa zai ƙare a cikinsa, kuma hannun sau ɗaya kawai zai iya. Ƴan boko suka je wurinsa suka ce ya zana daga hagu, su ne da yawa, kuma gaskiyarsu. Mu tsofaffi ba mu je ba. Mun riga mun haƙura cewa ƙarshen labarin da muka bi rabin rayuwarmu a bakin wani za mu ji shi. Matar Seyni, Zeinabu, ta ce kwana huɗu ya yi yana kallon kaye bai buɗe ba.

Wata biyar ya ɗauka. Juma'ar da ta wuce bayan masallaci ya fito da shi, layukan sun ɗan karkace. Ya buɗe daga dama.

Idrisa ya ce, "To mu fa, Malam Seyni?"

"Wanda ya iya faransanci, juya littafi ba zai gagare shi ba."

"Ajamin fa?"

"Ga Alhaji nan zaune. Ka gaishe shi da kyau."

Idrisa ya cire takalmi ya zauna gefen tabarmar Sumana. Sumana ya karanta masa a hankali, yana jan kowace kalma fiye da yadda take buƙata.

Mun gode, Seyni. Allah ya sanyaya hannun nan, ya sa ka ci moriyar hutunka. Ku kuma masu riƙe da biki a garin nan, na lakwal da na asibiti da na bakin iyaka, kafin ku miƙa wa dattijo takarda ku yi masa dariya, ku tambaye shi daga ina yake farawa.