Azumi a Kan Keke a Tuddan Summerfield

Akwai wata Asabar ta watan azumi da ba za ta taɓa fita daga raina ba. A lokacin ina sayar da tsofaffin motoci a garin Greensboro na Amurka. Likita ya ce in motsa jiki, sai na shiga wata ƙungiyar masu hawan keke. Ni kaɗai ne Musulmi a cikinsu.

Da safe matata ta gan ni ina sa hular kwano, ta ce, "Alhaji, azumi, ga sanyi, ga keke? Motocin ne suka ƙare?" Na ce mata yinin gajere ne, kuma sanyi ba ya kawo ƙishirwa. Gaskiyata kan ƙishirwa. Yunwa ce ban yi tunaninta ba.

Ƙa'idarsu ita ce a jeru a layi. Na gaba shi ke tare iska ya kare na baya, in ya gaji ya koma ƙarshe, wani ya karɓa. Babu mai tsallake nasa.

Mun wuce garin Summerfield, muna hawa da gangara tsakanin gonakin dawaki, sai yayyafi mai ƙanƙara ya sauko. Yatsuna suka sandare, ƙafafuna suka ƙi juya feda. Shugabarmu, wata dattijuwa mai furfura, ta matso ta miƙo mini ayaba.

"Ci, fuskarka ta koma toka."

Na ce azumi nake, sai rana ta faɗi. Na san in na karɓi gaba sau ɗaya, dole in karya.

Ta ƙare mini kallo. "To ji. In jiri ya kama ka, da hannuna zan ɗura maka ita, kai da Ubangijinka ku sasanta. Ka yarda?"

Na yarda. Ta yi gaba, ta faɗa wa sauran abin da ban ji ba.

Daga nan duk sanda layi ya zo kaina, sai wani ya zame ya shiga gabana kamar bai lura ba. Biyu suka tsaya gefena suna tare iska. A tudu mafi tsawo na ji tafin hannu a bayana yana tura ni. Da mai shi ya gaji, wani hannun ya maye gurbinsa. Har yau ban san hannun wa da wa ba ne, don ban iya waiwayawa ba.

Muka dawo wurin da muka ajiye motocinmu da azumina a baki. Ba wanda ya yi zancen. Dattijuwar ta ce kawai, "Mako mai zuwa kai ne a gaba."

Na daɗe ina hulɗa da mutane, na san mai taimako don a gani. Ranar na koyi cewa taimako na gaske shi ne wanda ke barin mutum da abin da yake riƙe da shi, kuma da mutuncinsa.