Gwiwata da Kwalaben Ƙanena

Ciwon gwiwa ne ya kai ni Alƙahira. Na sauka a unguwar Abbasiya wurin ƙanena, wanda ya tafi karatun addini ya ɓuge da yi wa marasa lafiyarmu tafinta a asibitoci. A gida Ustaz ake ce masa. Ban daɗe ba na gano Ustaz giya yake sha, kuma ba shan wasa ba. Kwalaben suna jere a bayan manyan littattafansa, aikin da ya rage wa littattafan ke nan.

Abin da ya fi ƙona mini rai, kowa ya sani. Mai gadin gidan ya sha tallabo shi zuwa sama. Ɗaliban da ke gaishe shi da rusunawa sun sha tsallake shi a matakala. Na ɗingisa zuwa wurin wani dattijo da mutanenmu ke kai wa matsalolinsu, na faɗa masa komai. Ya ja carbi, ya ce, "Hajiya, mu nan ba mu da mashayi. Sammu ne. Ki rufa masa asiri."

Na ce, "Baba, wane asirin? Wanda mai sayar da wake na ƙasan gidan ya sani?"

Ya ce in yi ta addu'a. Na ce ina yi tun kafin in zo.

Wadda ta taimake ni wata Bahaushiyar Sudan ce da ke yi mini gashin gwiwa a asibiti. Ta ga ina hawayen da ya fi ƙarfin gashi, ta tambaya, na faɗa. Ta ce akwai taron da masu son daina sha suke yi: su zauna, kowa ya faɗi halin da yake ciki, ba likita ba malami. Mijin ƙawarta a can ya samu sauƙi. Washegari ta zo mini da kwatancen wurare.

Nan na ga kunyar da ƙanena ya daɗe yana ajiya. Wurin taro na farko yana kusa da Darrasa, unguwar ɗalibai, ya ce, "Haba Yaya, ɗalibai za su gan ni." Na biyu a harabar wani coci ake yi, ya dafe ƙirji ya ce, "Ni, in shiga coci?" Mutumin da ya yi barci sallar Juma'a ta wuce shi saboda maye, ranar addini ya motsa masa. Na uku kuma, ya ce da Turanci ake yi, shi ba zai faɗi sirrinsa da harshen nasara ba.

Ya rage na Wustul Balad, wato tsakiyar birni, a can saman wani tsohon bene. Ban tambaye shi ba. Na ɗauki sandata na ce ya raka ni sayen takalmi. Da muka isa ƙofar, na'urar hawa ta lalace. Na kama ƙarfen matakala na fara ja.

"Yaya, gwiwarki."

"Ni ma na san da ita. Yalla, mu hau."

Dole ya biyo ni, don ba zai yarda Misirawa su ga ya bar tsohuwa tana rarrafe ba.

Ba su bar ni na shiga ba, sun ce zaman na masu matsalar ne kawai. Suka ba ni kujerar roba da shayi a bakin ƙofa. Da ya fito fuska a murtuke, abin da ya fara cewa shi ne, "Larabcinsu duk kuskure ne." Sai a cikin jirgin ƙasa ya ba ni sauran labarin. Wai da aka zo kansa, ya gyara murya ya fara yi musu wa'azi kan haramcin giya. Suka saurara har ya gama. Sai wani tsoho mai kwat ya ce, "Ya Shehi, duk mun san haramun ce. Kai yaushe ka sha ta ƙarshe?" Ya ce bai san lokacin da ya ce, "Ɗazu da safe" ba. Babu wanda ya yi salati. Na kusa da shi ma cewa ya yi barka da zuwa.

Ya koma taron, ba tare da sandata ba. Kuma sai a lokacin mutanenmu suka samu baki. Dattijon nan ya kira shi ya ce yana zubar mana da mutunci, yana zama da mashaya. Wasu suka daina ba shi aikin tafinta. Lokacin da yake zuwa asibiti yana warin giya, bai taɓa rasa aiki ba.

Ba zan ce ya miƙe lokaci guda ba. Ya sake sha ana gobe za a yi mini aiki, na zage shi tas daga kan gadon asibiti. Ya tafi wurin tsohon mai kwat, ya dawo ya zauna gefena yana ɓare mini lemo. Bayan na koma gida ya ƙara zamewa sau ɗaya, shi da kansa ya kira ya faɗa mini. Yanzu in na buga masa waya ranar taronsu ba ya ɗauka, sai ya fito ya kira, ya yi ta mitar sukarin da suke cika wa shayi.