Gwangwanin da Ya Kumbura

Assalamu alaikum, ɗalibaina na da da na yanzu. Na daɗe ina riƙe da wannan magana a ciki. Jiya wata tsohuwar ɗalibata ta turo mini fim ɗin bincike kan masana'antun abincin gwangwani, na kasa kallonsa har ƙarshe.

Ina sabon malami a Batsari lokacin da kuɗin fetur suka shigo, kowane ma'aikaci yana taƙama da kifin gwangwani. Ranar kasuwa na tsaya a kanti, na zaɓi wanda ya kumbura. A zatona an fi cika shi, kamar mudun da aka yi wa tozo.

Abokin aikina Malam Sule, mutumin Safana, ya juya shi a hannu ya ce, "Kai Malam, ashe Turawa ma sun san gyara!"

Muka yi dariya, muka juye shi kan shinkafa, ko ɗumamawa babu.

Washegari a aji na ga allo ya zama biyu. Fatar idona ta yi nauyi. Kafin la'asar ruwa ya ƙi wuce maƙogwarona.

Inna ta ce jifa ne. Aka kawo rubutu, na kasa haɗiyewa. Nan Baffa ya tsorata. Ashe Sule ma haka ya kwanta, aka kwashe mu ni da shi a bayan a-kori-kura zuwa asibiti a Katsina.

Ɗiban jini, ƙarin ruwa, robar hanci da ake ɗura mini kunu. Ina jin komai, amma harshena ya mutu. Da likita ya tambayi abin da muka ci, a takarda na rubuta masa, tun yatsuna ba su saki ba.

Ya ce, "Gwangwanin ya kumbura?"

Na gyaɗa kai.

"Ba cika ba ce, Malam. Ruɓewa ce ke hura shi, kuma akwai guba a ciki."

Kwana na huɗu da hantsi aka ja labule a gadon Sule, rai ya yi halinsa. Ina kusa da shi, ko salati ban iya furtawa ba.

Baffa ya sayar da shanu biyu. Sai da damina ta wuce kafin yatsuna su sake riƙe alli.

Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan iyayena, ya saka wa ma'aikatan jinyar nan da alheri.

'Ya'yana, gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko yake yoyo, kada ku ɗanɗana, ku binne shi. In gani ya rabu biyu bayan cin abinci, ku nufi asibiti nan take. Ku kalli irin fina-finan nan, ku nuna wa na gida.

Kuma ku sa Sule a addu'a. Ni na zaɓo gwangwanin.