Inji Biyu a Jirgin Baba

Ana idar da sallar asuba muka bar Zariya, ni da Baba da direban a-kori-kurar da muka ɗauka shata. A baya kuwa jirgin sama ne, an kwance fikafikansa an naɗe da tabarmi. Kada ku yi dariya. Baba mai gyaran babura ne, shekara goma sha biyu ya yi yana ƙera shi a bayan gida da falankin alminiyom da injin babur guda biyu. Kujera ɗaya gare shi, kuma mutum biyu sun isa su ɗaga shi.

Takardar izinin tashi muke nema. Yanar ido ta fara rufe wa Baba gani, likita ya ce ganin ba zai ƙaru ba. In bai tashi bana ba, wataƙila shi ke nan. Mun rubuta Legas sau uku, aka ce ofisoshi suna kwaso kayansu zuwa Abuja, mu bi su can.

Duk inda muka tsaya sai mutane su yanyame motar. A Kaduna wani ya rantse kwalekwale ne. A Tafa, inda muka ci soyayyiyar doya da yaji, mai doyar ta leƙa ta tambaya ko injin niƙa ne na zamani. Baba bai ji haushi ba, kowa sai ya yi masa bayani tun daga farfela har wutsiya, doyarsa tana hucewa. Da muka wuce dutsen Zuma muka shiga Zuba, na sayi ayaba a rabin kuɗin Zariya, har na ji kamar an daɗe ana cutata a gida.

Abuja kanta ba ta gama zama gari ba. Tituna faɗi-faɗi babu motoci, gine-gine rabi da rabi, jar ƙasa ko'ina, matan Gbagyi suna wucewa da itace a kafaɗa ta gaban benayen da ba a sa wa taga ba. Sai da muka yi tambaya sau biyar muka sami ofishin. Kwalayen takardu jibge a baranda, ko kwance igiyarsu ba a yi ba.

Jami'in da ya karɓe mu dattijo ne mai fara'a, Hausarsa ta kasuwa. Ya fito da kansa, ya zaga jirgin, ya ƙwanƙwasa jikinsa, ya sa aka auna nauyinsa. Ya ce ya taɓa karanta labarin wani Bafaranshe da ya ƙera mai kama da shi. Na ga Baba ya gyara hula.

Sannan ya buɗe fom, ya yi mana bayani. Jiragen da ake ƙerawa a gida aji-aji ne. Ta nauyi, na Baba yana cikin ajin ƙanana, waɗanda sharaɗinsu yake da sauƙi. Amma layin da ke ƙasa yana tambayar yawan inji, kuma mai inji biyu sai matuƙi mai lasisi na musamman, da horo, da gwajin ido.

"Baba, magana ba shi da wahala," in ji shi. "Ka cire inji ɗaya, ka sa ɗayan a hanci. Sai ka dawo mu duba, ni zan kai ma oga fayil da hannuna."

Na ji daɗi ya kama ni. Aikin mako biyu ne a wurin Baba. Amma shi ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Ranka ya daɗe, da inji ɗaya na fara shi," ya ce. "Uwar yaran nan ce ta ce ba ta yarda ba. Ta ce ko mota ba ta fita ba safaya. In ɗaya ya mutu a sama, ɗaya ya dawo mata da ni. Na yi mata alkawari."

Inna ta rasu shekara uku ke nan, kuma ban taɓa jin wannan zancen ba sai ranar. Jami'in ya rufe fom ɗin a hankali, ya rako mu har bakin mota.

A hanyar dawowa kewarta ta taso mini, har na kasa cin ayabar. Na tuna yadda take kai masa shayi bayan gida tana mita, ta ce ƙarfen nan ya fi mu gata. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, na iya cike fom, amma ban san mahaifina yadda nake zato ba.

Mun isa gida da la'asar. Muna sauke fikafikan na kasa haƙuri.

"Baba, mu cire ɗayan mana. Ka tashi sau ɗaya kawai, ka sauko mu mayar."

Ya shafa injin da tafin hannu, bai dube ni ba.

"Ai sau ɗayan nan ta ji wa tsoro."