Layin Gawayin Iya da Katunan Kwamfuta

Ni ban yi boko mai nisa ba. A aji shida na tsaya, na koyi tuƙi, ga shi yau bayana ya gaji da kujerar mota. Saboda haka kada wani ya zaci zan yi masa bayanin kwamfuta. Abin da na sani a kanta kaɗan ne, kuma rabinsa a bakin murhun kakata na koya, tsohuwar da har ta rasu ba ta taɓa kunna ko rediyo da hannunta ba.

A Kwandere muka taso, mu jikoki bakwai a gida ɗaya. Iya muke kiranta. Lokacin haƙar doya, da an gama cin tuwo sai ta tura ƙananan doya cikin garwashi, ta ajiye kaskon manja a gefenta, ta miƙe ƙafafu. Mu dai doyar ce ke kawo mu, ita ma ta sani. Ba ta ɓare ko ɗaya sai labari ya ƙare. Ni take fara tsokana kullum: "Angona marar wando, matsa can, hayaƙi nake so ba warinka ba." Sai ta buga sanda a ƙasa ta ce, "Ga wata nan tafe, ku ba ta wuri." Mu ce, "Mun ba ta, ta zauna."

Tatsuniyar da ta fi zama mini a kai ita ce ta dodon dutse. Wai a wani gari akwai dodo a cikin kogo mai sanyi, shi ke riƙe da ruwan gonaki. Makaho ne, ba ya tunani, amma ba ya mantuwa. Duk shekara kowane gida zai saƙa faifai ɗaya, a jera su bisa yadda gonaki suke, daga kan tudu zuwa fadama, a kai masa. Shi kuwa zai riƙa shafa su ɗaya bayan ɗaya yana sakin ruwa. Yadda aka jera, haka yake bayarwa.

Wata shekara aka aiki wani ƙato mai gudu. A hanya guguwa ta watsa masa kayan. Ya tattara yadda ya ga dama, ya kai, bai gaya wa kowa ba. Dodo ya zuba wa fadama ruwan tudu, ya ba tudu ruwan fadama. Nan ya nutse, can ya bushe. Da shekara ta kewayo aka rasa mai zuwa, sai wata mata mai ɗingishi. Kafin ta tashi, wata tsohuwa ta ɗauki gawayi ta ja layi a karkace a jikin jerin, daga sama har ƙasa. Guguwa ta zo ta watsa mata ita ma. Ta zauna a hanya tana jerawa, tana sakewa, har layin ya miƙe. Saura faifai biyu da suka faɗa ruwa gawayin ya goge. Da ta isa ta ce, "Dodo, waɗannan biyun ban san wurinsu ba." Aka aika gari, masu su suka zo suka nuna.

Na ce, "Iya, da ni ne ba zan zubar ba."

Ta dube ni ta ce, "Kai? Kai da ka zubar mini da kunu jiya? Kowa zai zubar, angona. Ci doyarka." Ta tura sandar cikin wuta ta ce labari ya koma inda ya fito.

Shekaru suka wuce, Iya ta rasu, na yi aure. Lokacin Lafia tana ƙarƙashin Filato na samu aikin direba a wata babbar ma'aikatar noma. Ban yi wata huɗu ba, takardar tabbatar da ni ma ba ta fito ba, matata kuma tana da cikin fari. Ran nan aka ba ni dogon akwati na kwali in kai Jos. Cike yake da katuna masu ƙananan ramuka. Anti Rifkatu, matar da ke huda su da wata na'ura mai kama da tafireta, ta ce sunayen manoma ne da gonakinsu, katin gari a gaba, manomansa a bayansa. Babbar kwamfuta ce za ta karanta ta fitar da wa zai samu iri da taki kafin damina. Ta ce, "Sabo, a kujerar gaba zai zauna. Idan ya hautsine, mutumin Kwandere zai koma Agyaragu, kai kuma ka koma gida."

Na fita gari kaɗan sai ga Baba Ari, abokin marigayi mahaifina, a bakin hanya zai je Akwanga. Ni ɗan Kwandere, in wuce shi? Ko in ɗora shi a bayan a-kori-kura kamar buhun gero, kwali na zaune a gaba? Na mayar da akwatin baya, na ba tsoho kujera. Ba mu yi nisa ba shanu suka faɗo titi, na danna birki, na ji ƙara a baya.

Da na leƙa, katunan sun cika bayan motar. Na tsuguna a kansu. Baba Ari ya ɗauki ɗaya ya ɗaga wa rana ya ce, "Kai ɗana, ai tuni gara ta ci su. Zuba su ciki mu tafi, wa zai sani?"

Wallahi na so in yi haka. Har na fara tattarawa. Sai na ga kowane kati yana da ɗan jan ɗigo a bakinsa na sama, wani can gefe, wani a tsakiya. Na haɗa guda goma na duba. Na zauna daɓas a kan taya. Na tuna da safe na ga jan layi a karkace a saman katunan, na ɗauka ado ne. Anti Rifkatu ta ja mini gawayi ban sani ba.

A gindin wani mangwaro muka yi aikin. Baba Ari yana miƙo mini yana mita, ni ina sakawa ina cirewa, daga hantsi har la'asar. Layi ya miƙe, sai kati shida da suka faɗa cikin baƙin mai, ɗigon ya ɓace. Na naɗe su daban a hankici.

Washegari na shiga ɗakin kwamfutar. Sai da na tuɓe takalmi a ƙofa kamar masallaci. Sanyin iyakwandishan har cikin ƙashi. Manyan akwatunan ƙarfe a jere sun fi ni tsawo, tef yana juyawa a cikin gilashi, wata na'ura tana zubo doguwar takarda da ƙara kamar injin niƙa. Na ce a raina, ga kogon, ga dodon. Mai kula da ɗakin, Oga Dung, ya karɓi akwati. Na miƙa masa hankicin na ce, "Oga, kayan nan sun zube a hanya, laifina ne. Na jera, amma waɗannan shida ban san wurinsu ba."

Ya duba akwatin. Ya ce, "Kai ka jera? Wa ya koya maka?"

Na ce, "Kakata."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce to a kawo kakar aiki. Ya sa aka sake huda shidan, aka buga waya Lafia aka gano garuruwansu. Ya ce da na yi shiru, injin ba zai yi gardama ba, abin da aka ba shi zai haɗiye, sai an raba iri a gane. An ba ni takardar gargaɗi saboda ɗaukar fasinja. Ba a kore ni ba. Anti Rifkatu kuwa da na je godiya ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Wane direba ne zai je Jos bai taka birki ba?"

Yanzu an daɗe da kwashe wannan dodon. 'Yata Hauwa, wadda aka haifa a waccan daminar, tana aiki da wata ƙaramar kwamfuta a kan tebur, ta ce ta fi waccan ƙarfi. Ban musa ba. Ina yaro na ɗauka labarin Iya yana cewa ne ka riƙe kaya da kyau. Sai da na zauna a gindin mangwaron nan na gane ashe tsohuwa mai gawayi take nuna mana, wadda ta san za ka zubar, ba ta yi maka faɗa ba, ta dai shirya maka yadda za ka gyara. Na zubar da abubuwa da yawa a rayuwata, kuma yawancinsu na tarar wani ya riga ya ja mini layi.

Ranar da Hauwa za ta fara aiki ta ce, "Baba, ina tsoron in yi kuskure." Na ce, "Za ki yi. Ki dai faɗi guda shidan da ba ki san wurinsu ba." Ta ce wane shida? Na ce ta sa doya a wuta ta zo ta zauna.